Borom Sarret ko Pather Panchali: wanne za ka fara kallo?

Duka biyun finafinai ne, kowanne aikin farko na daraktansa, an yi su da ƙaramin jari. Ousmane Sembène, ɗan ƙasar Senegal, ya fitar da Borom Sarret a 1963, bai wuce minti 20 ba. Wuni guda ne na mai keken doki a Dakar: ya ɗauki mai naƙuda, ya ɗauki uba rungume da gawar jaririnsa, maroƙi ya wasa kakanninsa har mai keken ya miƙa masa ɗan abin da ya samu. Da ya shiga unguwar Plateau ta masu hali, ɗan sanda ya ƙwace keken. Sembène yana nuna maka wanda ya jawo talaucin ƙiri-ƙiri.

Satyajit Ray kuwa, ɗan ƙasar Indiya, a Pather Panchali na 1955, ba ya gaggawa. Don samun kuɗin yin fim ɗin, sai da ya jinginar da kayan adon matarsa, daga baya gwamnatin jihar Bengal ta Yamma ta tallafa aka kammala. Ga Durga, wata yarinya 'yar talakawa a ƙauye, tana satar 'ya'yan itace tana kai wa tsohuwa Indir, ga ta da ƙanenta Apu suna gudu cikin ciyawa don ganin jirgin ƙasa. Wanda ya saba da finafinan Indiya na rawa da waƙa zai sha mamaki.

Ni dai na Ray ya fi taɓa min zuciya, amma mai koyon harkar fim ya fara da Sembène.