Ɗan gado da ɗan haye a ajin Sinanci: ina suka bambanta?

Malama, kin tambaya ko ya dace a haɗa yaran da suka tashi da Sinanci a gida, wato 'yan gado, da waɗanda suka fara jin sa a makaranta, wato 'yan haye. A shekara biyun farko dai, raba su ya fi.

Ɗan gado kunnensa a buɗe yake. Karin sauti huɗu na Mandarin, wato daidaitaccen Sinanci, ba ya ba shi wahala: ba zai ce mǎ, wato doki, alhali mā yake nufi, wato uwa. Matsalarsa tana kan takarda. Da kunne yake rubutu, shi ya sa yake musanya 在 da 再, duka "zài" ake furta su, ko 的 da 得 da 地. Kalmominsa kuma na tsakar gida ne. Ya iya gardama da kakarsa kan cin abinci, amma a ce ya rubuta takardar neman izini, sai ido ya raina fata.

Ɗan haye akasin haka ne. Ya san pinyin, wato rubuta lafazin Sinanci da haruffan boko, ya haddace tsarin jan layukan harafi, amma bakinsa a ɗaure. Yakan manta cewa idan gaɓoɓi biyu masu karin sauti na uku suka jeru, ta farkon tana ɗaukar karin sauti na biyu, kamar a "nǐ hǎo". Yakan kuma liƙa 了, harafin da ke nuna kammaluwar aiki, a duk jimlar da ke magana kan abin da ya shuɗe.

Kada sunan yaro ko fuskarsa su ruɗe ki. Wanda iyayensa 'yan Hong Kong ne, Kantonis, wani nau'in Sinanci daban da Mandarin, ya ji a gida, haruffan gargajiya ya saba gani, ba sauƙaƙaƙƙun na Beijing ba.

Tantancewa ba ta da wuya: hirar baka ta minti 5, shiftar haruffa 20, sai karanta sakin layi ɗaya babu pinyin. Wanda ya zuba a hira ya kasa a shifta, ɗan gado ne.

Idan aji ɗaya ne dole, a raba aiki kuma a raba ma'aunin maki, in ba haka ba 'yan haye su karaya su gudu, 'yan gado su yi ta hamma. A Amurka ma, jarrabawar AP ta Sinanci, wadda ɗaliban sakandare ke yi a matakin jami'a, da aka fara a 2007, tana ware sakamakon waɗanda a aji kawai suka koya.