Famasin da ya gano tarin Umma ba na hunturu ba ne

Jama'a tun watan jiya nake cewa zan yi rubutu a kan famasin nan na bakin titin unguwarmu a Kano, sai yau Allah ya nufa. Sunansa dai bari in bar shi a cikina, don akwai yabo akwai kuma ƙorafi.

Umma tana da hawan jini, likita ya ɗora ta a kan lisinopril, ƙwaya ɗaya kullum da safe. Ba a yi wata ɗaya ba sai ga tari, busasshen tari irin wanda ba kaki ba majina, maƙogwaro kawai ke mata ƙaiƙayi, da daddare kuwa har ɗakina nake jiyo ta. Da yake lokacin hunturu ne kowa ya ce ƙura ce. Babu abin da ba mu yi ba, zuma da lemon tsami, shayin citta da kanumfari, maganin tari kwalba biyu daga kemis ɗin layinmu, har wata gwaggonmu ta fara cewa a je a yi gwajin tibi, hankalin kowa ya tashi.

Ranar na shiga famasin ne kawai don in sayi kwalba ta uku, saboda kemis ɗin ya rufe. Yarinyar da ke kan kanta har ta miƙa hannu za ta ɗauko, sai famasist ɗin, wata mata mai gilashi da farar riga a kan hijabi, ta ɗago kai daga lissafin da take yi ta ce, "Malam, wa ke tarin?" Na ce mahaifiyata. Ta ce tun yaushe, yana fitar da kaki, akwai zazzaɓi, tana ramewa, wane magani take sha kullum? Gaskiya a raina na ce wannan wace irin tambaya ce kamar a ofishin 'yan sanda, ni fa sauri nake. Allah ya sa ina da hoton kwalin a waya, na nuna mata, ta duba ta ce, "Ajiye kuɗinka, ba zan sayar maka da maganin tari ba. Gobe ka zo min da Mama, ka haɗo da duk abin da take sha har na gargajiya."

Wallahi ban taɓa ganin mai shago ya ƙi karɓar kuɗi ba sai ranar.

Washegari na kawo Umma a Adaidaita. Famasist ɗin ta fito daga bayan kanta ta rusuna ta gaishe ta, Mama ina wuni ya jiki, ta ba ta kujera ta auna jininta, ta zazzage ledar magungunan a kan tebur tana duba su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce lisinopril ɗin nan an san shi da sa wasu mutane busasshen tari, amma kada Mama ta kuskura ta daina sha da kanta, a koma wurin likita shi zai canza, ta rubuta masa 'yar takarda. Ta kuma ja kunnena cewa in na ga leɓe ko harshe ko fuska sun kumbura kada in tsaya neman kowa, asibiti kai tsaye, don zai iya toshe numfashi. Likita ya mayar da ita kan wani maganin hawan jinin, amlodipine, cikin sati biyu tari ya yi sallama.

Amma abin da ya sa nake wannan rubutun shi ne abin da ta yi bayan nan. Ta ɗauko wayarta ta buɗe wata manhaja ta kai rahoton illar magani mai suna Med Safety, wadda hukumar kula da abinci da magunguna NAFDAC ta ƙaddamar a 2020, ta nemi izinin Umma tukuna sannan ta fara cikewa, shekarunta, sunan maganin, kamfanin da ya yi shi, lambar da ke jikin kwali, ranar da ta fara sha, ranar da tarin ya fara, har ganyen zogale da Umma ke dafawa sai da ta rubuta. Na ce ranki ya daɗe ai kin ce an riga an san maganin yana sa tari, to meye na kai ƙara? Ta yi dariya ta ce, "An sani, amma an san mutum nawa ne a cikinmu nan?"

Wannan tambayar ta tsaya min a rai. Kafin a saki magani kasuwa ana gwada shi a kan mutane ɗaruruwa ko 'yan dubbai ne, to illar da ke kama mutum ɗaya cikin dubu hamsin ina za ta fito a nan, sai bayan miliyoyi sun sha, tsofaffi da masu ciki da masu ciwon ƙoda da masu haɗa shi da jiƙo. Haka aka yi da thalidomide, maganin da mata masu ciki suka riƙa sha don laulayi a Jamus da Ingila da wasu ƙasashe daga 1957, aka haifi jarirai sama da 10,000 da nakasar hannu da ƙafa kafin a janye shi a 1961. Bayan wannan masifar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin sa ido kan magunguna a 1968, yanzu rahotannin ƙasashe suna taruwa a wata cibiya a garin Uppsala na ƙasar Suwidin, Najeriya kuma ta shiga a 2004. Wato tarin Umma na ƙarfe biyun dare zai je ya haɗu da na wata tsohuwa a Indiya ko Birazil a ƙirga su tare. Ko kumburin leɓen da ta gargaɗe ni a kai, ta hanyar bibiyar ɗimbin marasa lafiya aka gane ya fi kama baƙar fata.

Rigakafi ma haka ne. Daskarewar jinin da aka danganta da allurar korona ta AstraZeneca a 2021 ba a gan ta a gwaji ba, sai da aka yi wa miliyoyi a Turai rahotanni suka taru, aka ga abin yana faruwa amma da wuya ƙwarai, wasu ƙasashe suka canza shekarun waɗanda za a yi wa. Mu nan Kano ba sai an koya mana tsoron magani ba, kowa ya san labarin gwajin maganin Trovan lokacin sanƙarau na 1996, da yadda aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, ga kuma My Pikin, maganin haƙoran jarirai da ya kashe yara fiye da 80 daga ƙarshen 2008 saboda wani sinadari mai guba da ya shiga ciki. Tsoronmu yana da tushe. Matsalar ita ce in yaro ya yi zazzaɓi bayan allura ko mutum ya yi ƙuraje bayan shan magani, a WhatsApp da gidan biki muke kai ƙarar, inda babu mai rubuta kwanan wata balle lambar kwali, ba mai iya tantance ko maganin ne ko dama can ciwon yana hanya. Manhajar nan kuwa kowa zai iya sauke ta a waya, ba sai ma'aikacin lafiya ba.

To yanzu ƙorafi. Suna da tsada, ba ƙarya, abin da za ka samu a kemis sai ka ga sun ɗora ɗari uku ko ɗari biyar a kai. Famasist ɗin ba ta zama da safe, sai bayan la'asar, in ka zo da hantsi yaran kanta kawai za ka tarar, ɗaya daga cikinsu kuma sai ka yi sallama sau biyu kafin ta ɗago daga waya. Kujera biyu ce kacal, bayan magariba layi har waje. POS ɗinsu kullum ba netwok, in ka yi tiransifa sai ka tsaya jiran alat kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Kuma ba sa ba da antibayotik sai da takardar likita, maƙwabcina har fushi ya yi a kan haka ya ce ba zai sake zuwa ba, ni kam wannan a wurin yabo na sa shi. Firij ɗinsu na insulin yana kan sola, na gani da idona yana aiki ranar da aka ɗauke wuta.

Tauraro huɗu na ba su cikin biyar, ɗayan na cire ne saboda rashin famasist da safe, don da da hantsi na je ranar nan da yanzu muna kwalba ta shida.

Shekaranjiya Umma ta ce min idon sawunta ya ɗan kumbura, takalminta na zuwa Islamiyya ya fara matse ta. Na riga na sa sabon kwalin a leda, Asabar bayan la'asar za mu koma in sha Allahu, in ta ce a ga likita mu wuce.