Telegram a Hannun Malamin Kemistiri: Inda Ya Biya Ni da Inda Ya Gaza

Ina koyar da Kemistiri a wata makarantar sakandare ta gwamnati a Zariya, kuma tun 2021 nake amfani da Telegram a harkar aikina. Abokan aiki kan tambaye ni ko akwai dalilin da zai sa mutum ya sauke wata manhaja, alhali ga WhatsApp a wayar kowa. Abin da nake gaya musu shi ne, tsakanin malami da malami ban ga kamar Telegram ba. Amma tsakanin malami da ɗalibi sai an yi da gaske, a wasu wuraren ma WhatsApp ya fi shi amfani.

Korona ce ta fara haɗa mu. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, jarrabawar WAEC ta shekarar kuma ta koma watan Agusta, sai wasu malaman kimiyya suka buɗe zaure a WhatsApp don mu riƙa taimakon juna kan yadda za a riƙe 'yan ajin ƙarshe daga gida. Zauren ya yi albarka, har ya cika. A lokacin mutum 256 kawai WhatsApp yake ɗauka a zaure ɗaya, sai daga baya a 2022 aka ƙara zuwa 512, sannan 1,024. Dole aka buɗe na biyu, aka raba mu, abin da aka tattauna a can ba a san shi a nan ba. Ga kuma wata wahalar da ta fi ci mini rai: duk sabon malamin da ya shigo ba ya ganin komai na baya, sai ya roƙi a sake turo masa tambayoyin shekarun baya da tsarin darussan zango. A turo, wayar kowa ta ƙara cika, wani ya goge, bayan wata guda shi ma ya dawo yana roƙo.

Wannan matsalar ce Telegram ya kashe mana gaba ɗaya. Zaurensa yana ɗaukar mutum har 200,000, fayil ɗaya kuma yana iya kai giga 2 ba tare da ka biya ko sisi ba. Mafi muhimmanci, abin da aka ɗora ba a wayarka yake zaune ba, yana can a ajiye a intanet. Kamar rumbu ne na gandu: kowa ya zuba, kowa ya ɗebi abin da yake buƙata ranar da yake buƙata. Idan waya ta cika, sai ka share abin da ka sauke, ranar da ka neme shi yana nan. Idan wayar ta faɗi ko aka sace, ka sa lambarka a sabuwa, komai ya dawo. Mai kula da zaure kuma yana iya buɗe tarihin hira ga sababbin shiga, wanda ya zo yau ya karanta abin da aka yi bara. Na ga amfanin wannan ƙarara a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro. Abokan aikinmu na can sun yi makonni shiru. Da sabis ya dawo, babu wanda ya ce a sake turo masa komai, sun shiga sun kwashi abin da ya wuce su.

A ƙarshen 2022 aka ƙara wani tsari da ke ba da damar raba zaure ɗaya zuwa ɗakuna. Mun ware na Kemistiri, na Fiziks, na Bayoloji, na aikin ɗakin gwaji, da na sanarwa. Akwai kuma ɗaki guda na gaisuwa, barkar Juma'a, ɗaurin aure da ta'aziyya. Wannan ɗakin na ƙarshe kada wani ya raina shi. Malamai mutane ne, dole a yi zumunci, amma a da saƙonnin gaisuwa ne ke binne tambayar da wani ya yi da gaske kan darasin da zai shiga gobe da safe.

Bari in ba da misalin irin abin da nake samu a wurin. Wani zango sinadarin gane asid da alkali ya ƙare mana a ɗakin gwaji, kuma babu alamar za a sayo da wuri. Na rubuta a zaure da dare. Kafin in kwanta wata malama daga Katsina ta turo ɗan gajeren bidiyo: ta jiƙa busasshen zoɓo a ruwan zafi, ta tace, ta zuba a kofunan gilas guda uku. Na farko ta matsa lemon tsami, ya ƙara ja jawur. Na biyu ta bar shi yadda yake. Na uku ta zuba ruwan kanwa, nan take ya juya zuwa kore. Ta rubuta a ƙasa: "Malam, kada ka cika zoɓon, idan ya yi kauri yara ba za su ga canjin ba." Wani malami daga Bauci ya ƙara da cewa ruwan toka ma yana yin aikin kanwa. Ni ma na san launin da ke cikin zoɓo yana canzawa da asid da alkali, a littafi na sani, amma ganin wata ta yi shi a ajinta da kayan kicin shi ya sa na tashi na yi. Ranar da na kai shi aji, wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta tambaya ko shi ya sa miyar da aka sa wa kanwa take canza kala. Tabbas zoɓo ba zai maye gurbin sinadaran da ake amfani da su a jarrabawar gwaji ta WAEC da NECO ba, dole yaro ya saba da na ainihi kafin ranar. Amma don a fahimci darasin, ya yi aiki fiye da zanen allo.

Ta nan kuma nake jin labarin abubuwan da suka shafi sana'ar kanta: lokacin da hukumar rajistar malamai ta TRCN za ta yi jarrabawar tantance malamai, lokacin da cibiyar horar da malamai ta NTI da ke Kaduna ta fitar da fom, da shirin taron shekara-shekara na ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN. Wanda ya je taro yakan dawo ya zuba mana takardun da aka raba. Wani abu da malamai mata suka yaba ƙwarai shi ne ɓoye lambar waya. A tsohon zaurenmu duk wanda ke ciki yana ganin lambar kowa, kuma an sha samun marasa kunya da ke bin matan aure da kira. A Telegram kana iya rufe lambarka, a san ka da suna kawai. Bayan mun koma, malamai mata da dama da suka fice a da sun dawo, kuma su ne suka fi kowa kawo abin amfani a ɗakin gwaji.

Ga ɗalibai kuwa, abin da ya fi burge ni shi ne kacici-kacici. Tun farkon 2020 Telegram ya sa wannan tsarin: ka rubuta tambaya, ka jera amsoshi, ka zaɓi ta daidai, ka ƙara ɗan bayani gajere. Yaro yana taɓa amsa zai ga ko ya ci ko ya faɗi, ya kuma ga dalili. Akwai QuizBot da ke haɗa tambayoyi da yawa a jere da ƙayyadadden lokaci, a ƙarshe ya fitar da jerin waɗanda suka fi ci. Tunda JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, yaron da ya saba zaɓar amsa a allon waya kafin lokaci ya ƙare ba ya firgita ranar jarrabawa kamar wanda bai taɓa yi ba. Ni kuma ina ganin tambayar da mafi yawa suka faɗi, da ita nake buɗe darasin Litinin.

To, amma su wa ke amsa kacici-kacicin? Nan ne gizo ke saƙar. Yawancin ɗalibaina ba su da wayar kansu, ta uwa ce ko ta yaya, kuma sai da dare take zuwa hannunsu. Wayar uwa WhatsApp ne a cikinta, ba ta san Telegram ba, ba ta kuma da wurin ƙara wata manhaja. Da yawa ƙaramar datar nan ta hira suke saye, yara kuma sukan ce mini ba ta buɗe musu Telegram. Sai kuma ga ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi a watan Janairun 2025, wanda ya sa iyaye suka ƙara riƙe wayoyinsu. Sakamakon haka, 'ya'yan masu hali da maza su ne suka cika zauren, 'yan mata da 'ya'yan talakawa suna baya. Wannan yana damuna matuƙa, don waɗanda suka fi buƙatar ƙarin darasin su ne ba sa samu.

Akwai kuma sunan da manhajar ta yi a gari. A 2024, lokacin da wasannin Notcoin da Hamster Kombat suka tashi, samari da yawa sun sauke Telegram don mainin, wato neman kuɗin intanet, ana ta dannar waya dare da rana. Wannan ya sa manhajar ta shiga wayoyi da yawa, amma ya sa iyaye suka ɗauke ta wurin ɓata lokaci. Wani uba ya same ni a bakin makaranta ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, wannan abin da ka ce ya sauke, ba shi ne na danne-dannen nan ba?" Sai da na buɗe zauren na nuna masa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya kafin ya ce, "To Malam, Allah ya taimaka, amma ka sa ido." Kuma yana da gaskiya. Wurin bincike na Telegram a buɗe yake, yaro yana iya faɗawa tashoshin batsa, na fina-finan sata, da na 'yan damfara masu alƙawarin ninka kuɗi. Idan lokacin jarrabawa ya ƙarato kuma, sai masu sayar da amsar sata su fito kamar me, suna cusa adireshinsu a duk zauren da suka samu a buɗe. A namu, duk wanda ya turo irin wannan ana fitar da shi a take, malami ne ko ɗalibi, ba a jin ba'asi.

Wani abin da ya kamata kowane malami ya sani: hirar zaure a Telegram ba a kulle take daga baki zuwa baki ba kamar ta WhatsApp, wato yadda masu hirar kaɗai ke iya karantawa, hirar sirri ta mutum biyu kaɗai ke da wannan kariyar, ita ma sai ka kunna ta da kanka. Don haka ba na sa sakamakon jarrabawar yara, ko cikakken sunansu, ko hotunansu a wurin. Darasin kai tsaye ta bidiyo ma na daina, yana cin data, murya tana yankewa, rabin lokacin yana tafiya a "kuna jina?" Saƙon murya na minti uku tare da hoton allo ya fi shi isar da darasi.

Yadda nake yi yanzu, sanarwa da gajeren bayani ga yara da iyaye suna tafiya ta WhatsApp, kacici-kacici da manyan fayiloli suna Telegram ga wanda zai iya kaiwa. Tambayoyin da na sa a ƙarshen mako kuma nakan rubuta su a allo ranar Litinin kafin a fara darasi, waɗanda ba su da waya su amsa a littafinsu, in bi layi-layi in duba.