Valerian: ido ya ƙoshi, amma jaruman sun gaza

Duk wanda zai kalli fim ɗin Valerian and the City of a Thousand Planets, don Allah ya nemi babban talabijin, kada ya cuci kansa da kallo a waya. Luc Besson, daraktan nan ɗan Faransa, ya fitar da shi a 2017, ya zuba masa sama da dala miliyan 170, kuma ana ganin inda kuɗin suka shiga. Asalinsa labarin zane ne da Pierre Christin ya rubuta, Jean-Claude Mézières ya zana, suka fara buga shi a mujallar Pilote tun 1967.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata kasuwa da aka nuna a fim ɗin. Fili ne fetal a cikin hamada, an zagaye shi da katanga, ba rumfa ko ɗaya. Baƙi na sauka daga mota a ba su hula mai tabarau da safar hannu, suna sawa sai ga kasuwa hawa-hawa, cunkus da halittu, domin ita kasuwar a wata duniya take, jikinka kuwa yana nan cikin yashi. Valerian, jarumin labarin, ya zura hannu da bindiga cikin wani ɗan akwati, hannun kaɗai ya tsallaka can. Akwatin ya lalace, hannu ya maƙale, ana binsa a guje a wurare biyu lokaci guda. Ban taɓa ganin irin wannan dabarar a wani fim ba, kuma ita kaɗai ta isa a zauna a kalla.

Mutanen duniyar Mül ma sun taɓa ni. Dogaye ne, jikinsu na sheƙi, suna zaune lafiya a bakin teku da wata 'yar dabba da in ta haɗiye lu'ulu'u ɗaya sai ta zubo da shi birjik. Yaƙin da ba nasu ba ya hallaka musu gida, kwamandan da ya ba da umarni kuma ya yi ta ƙoƙarin binne maganar. Da a kansu aka tsaya, da fim ya yi daɗi sosai.

Inda gizo ke saƙar shi ne jaruman biyu. Dane DeHaan, wanda ya fito a matsayin Valerian, bai yi kama da babban soja ba ko kaɗan, maganar aure da yake ta yi wa abokiyar aikinsa Laureline kuma ba ta shiga rai. Cara Delevingne, wadda ta fito a matsayin Laureline, ta fi shi kuzari, shi ya sa na ji haushin cire sunan Laureline daga sunan fim ɗin, alhali a littattafan tare suke ɗaukar labarin.

Tsawonsa ya haura awa biyu, tsakiyarsa tana jan ƙafa. Akwai kuma wurin da Rihanna ke rawa tana sauya kama da shiga, wanda bai dace da yara ba. Masu kallo da iyali su riƙe rimot kusa, su wuce wurin.