Rim masu inci 19 da gajeren sifirin a motar lantarki: yadda suka kaya mini a Katsina

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane suka fara waiwayar motar lantarki, ni ma ina cikinsu. Tawa Tesla Model 3 ce ta hannu, 'yar Amurka, mai injin lantarki biyu gaba da baya, kuma a gida nake cajinta, galibi da sola. Sharhin nan kan kayan da na ƙara mata ne: rim huɗu masu inci 19, da sifirin ɗin da ke rage wa mota tsayi. Na shiga damina da su na fita, ga shi har hunturu ya kama, saboda haka bakina ya isa in ce wani abu. Rim ɗin sun biya ni. Sifirin kuwa, ga wanda zai riƙa yawo a garin nan, ba na ba da shawara.

Motar ta zo da rim mai inci 18 wanda aka rufe da murfin roba. A majalisarmu har suna suka sa masa, wai murfin tukunya. Ga kuma wani fili tsakanin taya da jikin motar da hannu zai shige ya juya. Kwalliya ce ta ja ni, ba wani abu ba.

Wurin sayen rim ne mutum zai fara buɗe ido. Wani mai sayarwa ya leƙa ƙafar motar ya ce, "Alhaji, ai rami biyar ne, na Camry ma zai hau." Rabin maganarsa gaskiya ce, domin tsarin ramukan ɗaya ne da na Camry da Accord, wato 5x114.3. Amma ramin tsakiya na wannan motar milimita 64.1 ne, na Camry kuwa 60.1, ba zai ma zauna ba. Na Accord ya yi daidai a tsakiya, sai dai kusoshin ƙafar Tesla kaurinsu milimita 14 ne, na yawancin waɗancan 12. Sannan ga nauyi. Mai inji biyun nan ta haura kilo 1,800 ba kowa a ciki, saboda batir, alhali a ido ba ta fi Corolla da wani abin kirki ba. Rim ɗin da aka ƙera wa ƙaramar mota zai iya hawa, ya yi kyau a hoto, ranar da ya haɗu da rami a guje ya tsage. Don haka sai da na ga adadin nauyin da kowane rim zai ɗauka a rubuce a bayansa kafin na biya. Taya ma haka, 235/40R19 mai alamar XL ta ɗaukar ƙarin nauyi da lamba 96, wato kilo 710 kowace ɗaya.

Ranar ɗaurawa ban matsa daga garejin ba. Motar nan wuri huɗu kacal ake sa mata jak, kowanne da ɗan rami da ake cusa wata roba mai kama da ƙwallo a ciki, jak ya tokare robar. In aka kuskure aka matsa ciki kaɗan, batir ake ɗagawa, domin a ƙasan motar yake shimfiɗe. Bakaniken dattijo ne mai natsuwa, da na nuna masa sai ya kira yaransa ya ce kowa ya zo ya gani da idonsa. Wajen ɗaure noti ne aka ɗan yi ja-in-ja, don yaron ya riga ya sa bututu a sifana zai hau kai da ƙafa kamar yadda ya saba. Awon da kamfanin ya bayar 175 Nm ne, kuma na zo da sifana mai awo. Mai facin da ya ciro sensar iska daga tsofaffin tayoyin kuwa, da ya ɓalle ta farko sai ya tsaya yana kallo: soso ne manne a cikin tayar zagaye. "Yallaɓai, wa ya sa maka katifa a taya?" Na ce daga kamfani take haka, don rage ƙara, tunda babu rurin inji da zai danne ƙarar titi. Iska kuma 42 take sha, shi kuwa hannunsa ya saba tsayawa a talatin da wani abu, sai ka tsaya a kansa.

Da rim ɗin kaɗai, bambancin da na ji mai daɗi ne. Sitiyari ya ƙara jin magana, motar na bin hannu nan take. Abin da aka bayar a madadi shi ne kaurin gefen taya: a inci 18 kusan milimita 106 ne, a 19 ya koma 94. Da na biye wa masu cewa in sa 20, da 82 zai rage, kuma wannan naman tayar shi ne ke tsakanin rim ɗinka da bakin rami. Caji ma ya taɓu. A cikin gari, daga GRA zuwa Ƙofar Ƙwaya ko kasuwa, ban ga wani abu ba. A hanyar Kano ne, tafiyar kusan kilomita 170 ta Charanchi da Kankiya da Bichi, nake isa da ragowar cajin da bai kai na da ba. Dalilin a fili yake. Murfin da muke yi wa dariya aikinsa ke nan, ya hana iska shiga cikin ƙafa ta yi ta juyi, kuma idan mota ta ɗau gudu iska ce ke cin mafi yawan ƙarfinta. Ragin bai kai ya hana ni tafiya ba, amma wanda ba shi da tabbacin inda zai yi caji a can ya sa shi a lissafi. A tuna kuma a shiga allon motar a gaya mata an canza girman rim, don ta gyara lissafin nisan da take nunawa.

Sifirin fa? Makon farko na ji daɗinsa, ba zan ɓoye ba. Filin nan na saman taya ya rufe, motar ta zauna daram, har masu babur na waiwaye. A shataletale ko gangaren gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura ba ta kwanciya gefe, in ka taka birki hancinta ba ya dukawa sosai. Sai dai in za a faɗi gaskiya, dama can motar ba mai tangaɗi ba ce. Batirin da ke shimfiɗe a ƙasanta ya riga ya ja nauyinta ƙasa, don haka abin da sifirin ya ƙara kaɗan ne, sai mai neman sa zai ji shi.

Abin da ya ɗauke kuwa ba kaɗan ba ne. Daga kamfani tsakanin cikin motar da ƙasa milimita 140 ne, wanda dama bai taka kara ya karya ba. Sifirin ya cinye kusan 30, saura wajen 110, kuma wannan ba kowa a ciki. Ɗauki manya huɗu da kaya a but ka ga inda za ta koma. Tsakanin ƙafar gaba da ta baya kuma milimita 2,875 ne, doguwa ce, saboda haka idan ƙafafun gaba suka sauka daga tudu, na baya ba su hau ba tukuna, tsakiyar motar ce ke saitin ƙololuwar tudun. A tsakiyar nan batir yake.

Tudun rage gudu na manyan tituna da sauƙi, yawanci suna da faɗi. Na cikin unguwa ne matsala, wanda mutanen layi ke haɗa kuɗi su zuba da siminti bayan babur ya buge yaro. Ba na ganin laifinsu, amma ba wanda ya auna, wani siriri ne mai tsini, wani an ɗora shi a kan tsohon. Haka gangaren ƙofar gida da aka haye kwata da shi. Nawa sai da na kira birkila ya ƙara masa tsawo, na gidan surukaina kuwa na haƙura, a waje nake ajiyewa. Na koyi hawa tudu a karkace, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, masu Keke Napep na ta danna mini oda a baya. Da damina abin ya ƙaru, domin ruwa kan zaizaye gefen kwalta ya bar gaɓa, ya kuma tara yashi a tsakiyar layi inda tayoyin manyan motoci suka haƙa hanya biyu. Nan za ka ji ƙurrr a ƙarƙashinka, ka sauka ka durƙusa da fitilar waya kana leƙe.

A motar fetur, abin da ke gogar ƙasa galibi salansa ce, mai walda ya gyara maka kafin la'asar. A nan murfin batir ne, batir kuwa shi ne abu mafi tsada a jikin motar, wanda ba kowane gareji ke iya buɗewa ba, kuma batirin litiyam in ya fashe yana iya kamawa da wuta. Alhamdu lillahi nawa bai wuce ƙarzuwa ba, da robar ƙasan bamba da ta yage a gefe. Amma tuƙin ya daina zama hutu. Hanyar Daura ta Mashi da Shargalle, wadda da nake yi ina sauraron karatu, yanzu idona na kan kowane tudu na bakin gari.

Ga kuma duka. Shokazoba na asali an yi shi ne don dogon sifirin, yanzu an rage masa wurin motsi, in an faɗa rami sai ya kai ƙarshe ya buga. Mu na gaba da sauƙi. Hajiyarmu ce ta fara magana daga baya, ranar da na kai ta gaisuwa: "Kai, me ka yi wa motar nan? Da kamar a kan gado nake, yanzu duk ƙuguna ya amsa." Tun daga ranar in za mu fita sai ta tambaya ko ƙanena na nan da tasa motar.

Na ƙarshe shi ne cin taya, kuma shi ba a ganin sa daga waje. Idan aka rage tsayin mota, saman tayoyin kan karkata ciki, nauyi ya koma kan gefen ciki. Na kai ta Kano an yi saitin ƙafa a na'ura, aka gyara abin da zai gyaru, amma mai saitin ya nuna mini a allo cewa karkatar ƙafafun baya ba ta da wurin sauyawa, sai an sayo wasu hannuwa na daban masu zare. Wani kuɗin ke nan da mai sayar da sifirin bai ambata ba. Da na zura hannu bayan tayar baya na shafa, gefen ciki ya fara sulɓi alhali na waje zanensa na nan. Motar lantarki dama tana cin tayar baya saboda ƙarfinta na zuwa ne gaba ɗaya da ka taka, ga nauyi. Tayar wannan girman kuma ba a kowane shago ake samunta a Katsina ba, sai an aiko daga Kano ko Abuja.

Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce tituna masu santsi, gidansa kuma ba gangare, zai iya more sifirin ɗin, musamman in ya haɗa da shokazoban da aka yi domin sa. Ni dai na yi magana da dattijon nan, kafin damina mai zuwa za a mayar da na asali, waɗanda na ajiye a kwali da alamar gaba da baya a jikin kowanne. Za a sake biyan kuɗin aiki da na saiti. Rim ɗin 19 suna nan. Tsofaffin 18 ma ban sayar ba, domin motar ba ta zuwa da safaya, kuma tsayin tayoyin biyu kusan ɗaya ne, bambancin bai wuce milimita 2 ba. In zan yi nisa sai in jefa ɗaya a but tare da jak da robobin nan huɗu.