Rahoto daga Jamus: motocin lantarki da asalin wutar da suke sha

'Yan uwa, motocin da ake kira na lantarki a nan Turai ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai batir zalla, wadda ba ta da tanki ko salansa. Akwai mai haɗa batir da injin fetur, irin Toyota Prius da ta fito a Japan a 1997, wadda ba a jona ta da wuta, domin injinta da birkinta ne ke cika batirin. Sai ta uku, mai inji da kuma batirin da ake jonawa a soket. Masu amfani da iskar haidurojin, kamar Toyota Mirai, ba su taka kara sun karya ba, saboda tashoshinsu sun yi ƙaranci.

Ta ukun nan ce na fi zargi. Rahoton Hukumar Tarayyar Turai na 2024 ya nuna cewa hayaƙin da take fitarwa a kan titi ya ninka wanda aka auna a gwajin hukuma fiye da sau uku, domin masu ita da yawa ba sa damuwa da caji, suna yawo da nauyin batir alhali fetur suke ƙonawa.

Ita kuwa mai batir zalla, tsabtarta ta dogara ne da ƙasar da aka jona ta. A Norway, inda kusan kashi 89 cikin 100 na sababbin motocin da aka sayar a 2024 masu batir zalla ne, yawancin wutar daga madatsun ruwa take fitowa. Faransa tana samun kusan kashi biyu bisa uku na wutarta daga nukiliya, amma a Poland kwal ne ke ba da fiye da rabi, don haka mota ɗaya tana iya zama mai tsabta a Oslo, ta koma mai dogaro da kwal a Warsaw. Jamus tana tsakiya: ta rufe tashoshin nukiliyarta na ƙarshe a Afrilun 2023, iska da rana suna ba ta kaso mai yawa, amma da magariba ta yi a lokacin hunturu, iska kuma ta tsaya, sai a koma kan kwal da gas, kuma daidai lokacin ne ma'aikata ke dawowa gida su jona motocinsu.

Tashoshin caji da dama suna rubuta cewa wutarsu mai tsabta ce ɗari bisa ɗari, sai dai sau da yawa takardar shaida kawai kamfanin ya saya, wani lokaci daga Norway, wutar kuma daga layin da kowa ke sha take zuwa. Ga kuma batirin kansa, wanda haƙo ma'adinansa, da kuma ƙera shi da galibi ake yi a Sin inda kwal ke da rinjaye, kan sa motar ta baro masana'anta da bashin hayaƙi fiye da ta fetur. Tana biyan bashin nan da wuri a Norway, a Poland kuwa sai ta yi tafiya mai nisa sosai.