Tsararren shafi ko wanda ka gina da hannunka: wanne ya dace da mai tara sel?

Ɗan'uwa, ka ce ka tara zanen katun na asali, wato sel, kana son baje su a intanet yadda shafinka ba zai yi kama da na kowa ba, ka kuma rasa ko ka ɗauki shafin da aka riga aka tsara ne ko ka gina naka tun daga tushe. Amsar tana jikin kayan da za ka baje, don haka daga nan zan fara.

Sel falle ne na roba mai shara-shara, layin zane a gaba, fenti a baya. Earl Hurd ya yi rajistar dabarar a Amurka a 1914, aka yi ta aiki da ita har Disney suka koma kwamfuta a 1990, Japan kuma ta bi sahu a hankali bayan nan. A gefen sel akwai hudojin da ake daidaita shi da su ƙarƙashin kyamara, a kusurwa kuma akwai lamba irin A12: harafin na nuna wane falle ne a cikin waɗanda aka jera kan juna, lambar na nuna matsayinsa a motsin. Na Japan galibi yakan zo da zanen fensir ɗinsa, wanda ake kira douga. Wanda ya san kaya, waɗannan yake fara dubawa kafin ya kalli fuskar da aka zana.

To, tsararren shafi, irin na Wix ko Squarespace, ko Rubberslug da aka yi musamman don masu tara sel, abin da zai ba ka shi ne sauƙi. Ka zauna da safe, kafin dare kayanka sun hau, kuma a Rubberslug kana tsakiyar masu sha'awa irin taka, za su gan ka ba sai ka neme su ba. Matsalar ita ce fasalin da aka yi don dubban mutane bai san sel ba. Da yawa sukan yanke ƙananan hotunan jeri su zama murabba'i, sai hudoji da lamba su tafi. Idan kana da dogon sel, irin wanda kyamara ke bi daga wannan gefe zuwa wancan, za ka ga an bar maka tsakiyarsa kawai. Kana iya canza launi da salon rubutu, amma ƙashin shafin iri ɗaya ne da na maƙwabcinka. Sannan gidan haya ne: GeoCities, wani dandalin buɗe shafuka kyauta, ya rufe a 2009 da ɗimbin shafukan masu tara kaya a ciki, a 2017 kuma Photobucket, dandalin ajiye hotuna, ya toshe hotunan da mutane suka jingina a wasu shafuka sai an biya kuɗi.

Wanda ka gina da kanka, da HTML da CSS (yarukan rubuta shafin intanet) a wurin ɗora shafi irin Neocities, ko da manhajar WordPress a adireshinka, nan ne bambancin da kake nema yake. Kana iya ba kowane sel shafinsa: gaba, sannan baya inda ake ganin kaurin fenti da inda buroshi ya wuce layi, sannan douga da alamomin fensir masu launi da ke nuna wa mai fenti iyakar inuwa da haske, sannan hoton wurin da ya fito a fim. Idan ka yi dace kana da sel huɗu ko biyar daga motsi ɗaya, ka jera su bisa lambobinsu mai kallo ya riƙa dannawa, sai ya ga hannu yana ɗagawa a gabansa. A ganina wannan kaɗai ya isa dalilin koyon HTML. Kai ne kuma za ka zaɓi launin da zai zauna bayan sel ɗin da ba shi da zanen bango. Toka-toka ya fi fari, domin farin fenti, na ido ko na riga, ɓacewa yake a kan fari.

Wahalarsa ba ƙarama ba ce. Za ka koyi rage nauyin hoto don kada shafin ya yi jan ƙafa, za ka gwada shi a waya da kwamfuta, idan WordPress ne kuma sabuntawa ba ta ƙarewa, wanda ya yi sakaci da ita masu kutse sukan same shi. Shafin HTML zalla ba shi da wannan ɗawainiya, shi ya sa na fi son sa ga mutum ɗaya.

Ko wanne ka ɗauka, sikanin ne rabin aikin. Sel ɗin talabijin na Japan kusan santimita 27 ne da 23, ya fi faɗin gilashin sikana ta A4, don haka ko ka nemi ta A3 ko ka ɗauka sau biyu ka haɗa. Ka gama aikin a zama ɗaya da kyau ka mayar da sel ɗin cikin duhu, domin haske na kashe layinsa, baƙi ya koma ruwan ƙasa. Ka ajiye manyan fayilolin a wurinka, ƙanana ka ɗora. Tambarinka ya zauna a gefe, kada ka ratsa shi kan fuskar zane, amma ka sa shi, saboda akwai masu ɗaukar hoton mutane su yi tallan kayan da ba su da shi.

Idan kayanka kaɗan ne kuma abokai kake nema, fara da Rubberslug, ba abin kunya ba ne. Amma tunda ka ce ba ka son ya yi kama da na kowa, gina naka. Fara da sel guda, wanda ka fi so, ka yi masa shafi cikakke da gaba da baya da douga. Idan ya yi maka, sai ka kwafi wannan fasalin ga sauran.